Yadda sharaɗin tantancewa ke rufe ƙananan kwalejojin saikoloji a Amurka

Duk sanda aka ce wata ƙaramar kwalejin koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, ta rufe a Amurka saboda ta kasa cika sharuɗɗan tantancewa, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ai dama makarantar bogi ce, yanzu asiri ya tonu. Ni ma haka nake ɗauka a da. Amma da na bi yadda tsarin nasu yake tiryan-tiryan sai na ga maganar ta wuce nan, eh akwai na bogin kam, babu mai musun wannan, sai dai akwai kuma makarantun da malamansu ƙwararru ne masu lasisi, suna koyarwa tsakani da Allah, ɗalibansu da dama sun fita suna aiki shekara da shekaru, amma duk da haka wata rana aka wayi gari an sa kwaɗo a ƙofa. Kuma abin da ya kashe su ba a cikin aji yake ba, a ofishin akanta yake.

Sai mutum ya fara gane cewa a Amurka gwamnatin tarayya ba ita ke tantance jami'o'i da kanta ba. Jiha ce ke ba makaranta izinin buɗe ƙofa ta karɓi kuɗin mutane, wannan izini ne kawai, ba shaidar inganci ba ce. Ita tantancewar kuma wasu ƙungiyoyi ne masu zaman kansu suke yi, waɗanda jami'o'in ne da kansu suka kafa su tun da daɗewa, kamar WASC da ke kula da ɓangaren Kalifoniya da Hawai, gwamnati kuma nata shi ne ta fitar da sunayen ƙungiyoyin da ta yarda da su. Wannan al'ada ta fitar da suna ta faro ne a 1952, lokacin da ake biya wa sojojin da suka dawo daga yaƙin Koriya kuɗin karatu, don an ga yadda wasu suka dinga buɗe makarantun je-ka-na-yi-ka suna wawurar kuɗin tsofaffin sojoji bayan yaƙin duniya na biyu. Da aka yi dokar ilimi mai zurfi ta 1965 sai abin ya ƙara ƙarfi, ya zamana ɗalibi ba zai samu tallafi ko bashin karatu na gwamnatin tarayya ba sai makarantarsa tana da shaidar ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi. To ka ga daga nan tantancewa ta tashi daga matsayin abin ado da makaranta ke alfahari da shi, ta koma bakin famfon da kuɗi ke zubowa.

A fannin saikoloji kuma akwai wata ƙofar a bayan wannan. Ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka, APA, wadda aka kafa tun 1892, tana da nata kwamitin da ke tantance kwas ɗin digirin digirgir shi kaɗai, ba makarantar gaba ɗaya ba, kuma ba za ta ma saurare ka ba sai makarantarka ta riga ta samu waccan tantancewar ta farko. Sannan daga ƙarshe ga hukumar ba da lasisi ta kowace jiha, wadda ita ce za ta ce wane ya cancanci ya kira kansa likitan halayya ya zauna da mara lafiya. Kowace ƙofa tana kallon wadda ke gabanta, in ka rasa tantancewar farko, a yawancin jihohi sauran sun rufe maka.

To me ya kawo ƙananan makarantu cikin wannan fanni tun farko? Wannan tarihin yana da muhimmanci don shi ne ke nuna ba haka kawai suka tsiro ba. A 1949 an yi wani taro a garin Bolda na jihar Kolarado inda aka tsayar da cewa mai son zama likitan halayya sai ya zama mai bincike tukuna, ya yi digirin digirgir irin na jami'a mai cike da lissafi da gwaje-gwaje. Jami'o'i kuwa ɗalibai ƙalilan suke ɗauka a shekara, ga jama'a na ta ƙaruwa, ga masu buƙatar a saurare su sun yi yawa. Shi ya sa a 1969 Nicholas Cummings da wasu abokan aikinsa suka kafa makarantar ƙwararrun saikoloji ta Kalifoniya, wadda ba ta ƙarƙashin kowace jami'a, masu aikin ne da kansu suke koyarwa. A 1973 kuma taron garin Bel, shi ma a Kolarado, ya amince da wani digirin na daban mai suna PsyD, wanda ya fi karkata ga aikin duba mutane fiye da bincike. Daga nan ƙofa ta buɗe, makarantu irin wannan suka yi ta fitowa, wasu suka girma suka zama jami'o'i, wasu kuma suka tsaya ƙanana da gangan, ajujuwa kaɗan a wani bene na haya, karatu da yamma ko ƙarshen mako, ɗaliban kuma galibi manya ne masu iyali, nas ce ko malamin makaranta ko mai ba da shawarar aure da ya shekara ashirin yana aiki yake son ƙarin mataki, ba zai iya ajiye aikinsa ya koma jami'a shekara shida ba.

Kalifoniya ita ce jihar da ta fi daɗewa tana barin wannan ƙofa a buɗe. Shekaru da yawa a can mutum zai iya yin digirin digirgir a makarantar da jiha ta ba izini kawai, ba tare da wata ƙungiya ta tantance ta ba, kuma ya je ya zauna jarrabawar lasisi ya samu, muddin dai ya cika sauran sharuɗɗa, ciki har da awa 3,000 na aiki a ƙarƙashin kulawar wani ƙwararre. Sai abubuwa biyu suka zo kusan lokaci ɗaya. A 2014 majalisar jihar ta yi doka cewa duk makarantar kuɗi da ke ba da digiri dole ta nemi tantancewa, aka sa musu wa'adi, su miƙa tsarin yadda za su yi a 2015, su kai matakin 'yan takarar tantancewa kafin 1 ga Yuli 2017, su samu cikakkiyar shaida kafin 1 ga Yuli 2020, wadda ta kasa kuma a dakatar da izininta na ba da digiri. Sannan dokar ba da lasisin saikoloji ita ma aka gyara ta, daga 1 ga Janairu 2020 sai mai digiri daga makarantar da aka tantance ne za a karɓi takardunsa. Ka ga kenan an kama ƙaramar makaranta ta gaba da ta baya, ko da a ce ta samu hanyar ci gaba da zama, wa zai biya kuɗi ya yi digirin da ba za a ba shi lasisi da shi ba?

Yanzu mu zo kan ainihin abin da ake nema a wajen tantancewar, don a nan ne mutane ba sa tsayawa su duba. Masu tantancewa ba zuwa suke su zauna a bayan aji su ji ko malam ya iya koyarwa su tafi ba. Suna son su ga makarantar tana da kwamitin amintattu mai cin gashin kansa, wanda zai iya sallamar shugaban makarantar in ta kama, alhali mafi yawan ƙananan nan mutum ɗaya ne ya kafa abinsa, shi ne shugaba shi ne mai sa hannu a cek. Suna son rahoton kuɗi da odita na waje ya bincika, na shekaru a jere, ya nuna ba gibi ake ci ba kuma akwai ajiya. Suna son malaman dindindin masu albashi, ba waɗanda ke zuwa daga asibitinsu su ba da lakca ɗaya su koma ba. Suna son laburare da rajistar mujallun bincike na intanet, waɗanda kuɗinsu ba wasa ba ne. Suna son ofishin da aikinsa kawai tara alƙaluma, ɗalibi nawa suka shiga, nawa suka gama, cikin shekara nawa, ina suka tafi, da hujjar cewa ana amfani da alƙaluman wajen gyara karatu. Sannan ga rahoton binciken kai da makaranta za ta rubuta, shafuka ɗaruruwa, ga kuɗin ƙungiya na shekara-shekara, ga kuɗin jirgi da masaukin tawagar da za ta zo ziyara, kuma ba ziyara ɗaya ba ce.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da zan ce shirme ne, kowanne akwai ɓarnar da aka taɓa gani aka sa shi don a toshe ta. Matsalar ita ce nauyinsu kusan ɗaya ne a kan kowa. Odita ba zai raba kuɗinsa gida ɗari ba don ɗalibanka kaɗan ne, ma'aikacin tara alƙaluma albashinsa guda ne ko mutum dubu ashirin yake ƙirgawa ko tamanin. Mu ɗauka misali, lissafi ne kawai don a gane, a ce waɗannan sabbin ɗawainiyoyi za su ci dala dubu ɗari huɗu a shekara. Jami'a mai ɗalibai dubu ashirin, dala ashirin-ashirin ya faɗa wa kowane ɗalibi, ba wanda zai ji a jikinsa. Kwaleji mai ɗalibai tamanin kuwa dala dubu biyar-biyar ne a kan kowa, a kan mutanen da dama saboda sauƙin kuɗi suka zo wajen.

Kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda abin yake zagayawa ya dawo inda ya faro. Makarantar da ba a tantance ba ɗalibanta ba sa samun bashin gwamnati, daga aljihunsu suke biya, don haka dole kuɗin makaranta ya zama ƙasa-ƙasa, don haka babu ajiya, mai tantancewa kuma ajiya yake son gani kafin ya sa hannu. Sai ka yi kuɗi za a tantance ka, sai an tantance ka kuɗi za su zo. Daga ranar da aka sanar da wa'adi kuma, sababbin ɗalibai suke ja da baya, kowa na cewa bari in ga yadda za ta kaya, su kuma waɗanda ke ciki masu hali sai su fara neman tiransifa, to shekarun da makarantar ta fi buƙatar ta nuna tana da ƙarfi su ne shekarun da kuɗin shigarta ke zubewa. Kwamitin makaranta zai zauna ya duba takardu ya ga ko an ci bashi an yi duk abin da aka ce babu tabbacin za a samu shaidar, sai su ce gara a rufe da mutunci tun ana iya biyan albashin wata mai zuwa. A sanarwa za a rubuta an rufe saboda sharuɗɗan tantancewa, kuma gaskiya ne, amma ba wai an zo an auna karatun an ga bai yi ba, sau da yawa ma ba a kai ga aunawar ba.

To amma fa kada tausayin makaranta ya sa mu manta da wanda aka yi dokar dominsa. Wanda zai zauna a gaban likitan halayya mutum ne da ke cikin mawuyacin hali, wata ƙila yana tunanin kashe kansa, wata ƙila yaro ne da aka ci zarafinsa, wata ƙila kotu ce ke jiran rahoton likitan kafin ta yanke wa zai riƙe 'ya'ya. Wannan mutumin ba shi da yadda zai gane ko digirin da ke rataye a bango na gaske ne ko na je-ka-na-yi-ka, dole wani ya duba masa. Kuma izinin jiha shi kaɗai ya nuna bai isa ba, a Kalifoniyan ma dokar hukumar da ke sa ido kan makarantun kuɗi ta ƙare a tsakiyar 2007, ba a samu sabuwar hukuma ba sai farkon 2010, kusan shekara biyu da rabi kowa na cin karensa ba babbaka. Shi ma ɗalibin akwai kariyar da ake masa, don digirin da ba a tantance ba ko ya samu lasisi da shi a jiharsa, yawancin sauran jihohi ba za su karɓa ba, asibitocin tsofaffin sojoji da suke cikin manyan masu ɗaukar likitocin halayya aiki a ƙasar su ma sai mai digiri da horon da aka tantance suke ɗauka, ga shekarar horon aiki a asibiti da ake rububin gurbinta, inda a wasu shekarun ɗaruruwan ɗalibai suka rasa gurbi, kuma ɗan makarantar da ba ta da shaida shi ne a ƙarshen layi. Mutum ya ba da shekara biyar ko shida na rayuwarsa da dukiyarsa sannan ya gano takardarsa ba ta tsallake iyakar jiha, wannan ma zalunci ne, kuma ba kowace makaranta ce take faɗa wa mai neman shiga wannan gaskiyar ɓaro-ɓaro ba.

Saboda haka ni dai ina tare da cewa a tantance. Inda nake da ja shi ne ma'aunin, don ya fi iya gane ƙanƙanta fiye da yadda yake gane ruɓewa. Dubi abin da ya faru da jami'ar Argosy, wadda ta samo asali daga wata makarantar ƙwararrun saikoloji a jihar Ilinoi ta girma ta bazu a jihohi da yawa. Tana da shaidar WASC, kwasa-kwasanta da dama suna da shaidar APA, duk takardun da ake nema a wajen ƙananan nan tana da su. Amma a farkon 2019 aka gano wajen dala miliyan 13 na kuɗin ɗalibai, ragowar bashin karatun da ya kamata a miƙa musu su biya haya su ci abinci, ba a ba su ba, ma'aikatar ilimi ta yanke mata kuɗin tarayya a ƙarshen Fabrairu, cikin Maris aka rufe, dubban ɗalibai suka tsinci kansu a waje a tsakiyar zangon karatu. Babbar da ke da ofisoshi da lauyoyi da masu rubuta rahoto ta riƙe shaidarta har zuwa bakin rami, ƙaramar da ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba ta kasa ko shiga layi. Wannan bai nuna a daina tantancewa ba, abin da ya nuna shi ne iya cika takarda daban, riƙon amana daban, kuma tsarin ya fi ganin na farkon.

Da a ce ana son a raba tsaki da tsakuwa da gaske, akwai abubuwan da ake iya aunawa kai tsaye, kuma ita kanta APA tana tilasta wa kwasa-kwasan da ta tantance su wallafa irinsu a fili, mutum nawa ke gamawa, shekara nawa suke ɗauka, nawa suke biya, nawa ke samun gurbin horo, nawa ke samun lasisi. Ga jarrabawar EPPP da kusan duk mai neman lasisi a Amurka da Kanada yake zaunawa, takarda ɗaya ce ga kowa, ba ta san daga babbar jami'a ka fito ko daga bene na haya ba. Makarantar da ɗalibanta ke cin wannan jarrabawa kamar kowa, ba a yawan kai ƙarar tsofaffin ɗalibanta gaban hukumar lasisi, a ganina ta cancanci a nema mata hanya, ko a bar ƙanana su haɗa kai su yi laburare ɗaya da ofishin alƙaluma ɗaya, ko a taimaka mata ta shiga ƙarƙashin wata jami'a tun da sauran numfashi. Wasu sun bi wannan hanyar sun tsira, ita kanta waccan makarantar ta 1969 haɗewa ta yi da wata jami'a a 2001 suka zama jami'ar Alliant. Amma haɗewa sai in kana da abin da wani ke so, babbar jami'a ba za ta ɗauki makaranta mai ɗalibai tamanin da bashin haya ba don Allah kawai.

Wanda kuma ya fi kowa shan wahala a ƙarshe shi ne ɗalibin da rufewar ta same shi a tsakiya. A ƙa'ida makarantar da za ta rufe tana yin yarjejeniyar ƙarasa karatu, ko ta ci gaba da koyar da waɗanda ke ciki har su gama ba tare da ɗaukar sababbi ba, ko ta miƙa su ga wata makaranta. A takarda abin da kyau. A zahiri kuwa makarantar da aka tantance ba dole ba ne ta karɓi kiredit, wato kwasa-kwasan da ɗalibi ya riga ya ci, daga wadda ba a tantance ba, kuma a matakin digirin digirgir ko tsakanin tantantattun ma kaɗan ake yarda a ɗauko, don haka mutumin da ya yi shekara uku zai iya jin an ce masa sai dai ya faro daga kusan farko, a kan kuɗin da ya ninka na da. Wanda ke tsakiyar rubuta kundin bincikensa kuma malamin da ke duba shi ya watse, kwamitin ya watse, sai ya nemi wanda zai yarda ya gaji aikin da ba shi ya fara ba. Gwamnatin tarayya tana yafe bashin karatu ga wanda makarantarsa ta rufe yana ciki, amma wannan bashinta kawai ya shafa, shi kuwa ɗan makarantar da ba a tantance ba dama bai taɓa samun bashin nata ba, nasa daga ajiyarsa ne ko katin bashi ko banki. A Kalifoniya akwai wani asusu na jiha da ake mayar wa irin waɗannan ɗalibai kuɗin makarantar da suka yi asara, yana rage zafi, sai dai ba ya mayar da shekaru, kuma macen da ta fara karatun tana da shekara arba'in da takwas ba lallai ta iya sake farowa tana da hamsin da ɗaya ba.

Har waɗanda suka gama tun tuni abin yana taɓa su. Lasisinsu yana nan ba a ƙwace ba, amma duk ranar da suka nemi sabon aiki ko suka so komawa wata jiha za a ce a turo takardar sakamako kai tsaye daga makaranta, makarantar kuwa babu ita, sai an bi diddigi an gano wa aka bar wa ajiyar fayil-fayil ɗin, in an yi sa'a an bar wa wani.

Akwai kuma wasu mutanen da ba a ma sa su a lissafi idan ana maganar rufewa. Da yawa daga cikin makarantun saikoloji suna da ɗan asibitin koyarwa a jikinsu, ko suna tura ɗalibansu cibiyoyin unguwa, inda ɗalibi ke ganin mutane a ƙarƙashin kulawar malaminsa a kan kuɗi kaɗan, gwargwadon abin da mutum zai iya biya. Masu zuwa nan su ne waɗanda ba su da inshorar lafiya ko inshorar tasu ba ta biyan irin wannan magani. Wani ya yi wata takwas yana zuwa duk mako kafin ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke cinsa, sai ranar nan mai duba shi ya ce masa saura zama uku mu rabu, makaranta za ta rufe, ga sunayen wasu wurare ka gwada kiransu, wuraren kuma kowanne da layin jira na watanni.